Riɗin Ilyas

Ranar Talata Butrus Tiya ya ga ganyen ƙasa ya fara zuba a gonar Ilyas. Ya tsayar da babur a bakin kwari, ya shiga cikin riɗin har ƙugu, ya karya kwanso ɗaya ya matsa da farce. Ƙwaya ta cika. Kara ya yi rawaya. Duk wanda ya yi kaka biyu a Simsim, yankin manyan gonaki na ƙasar Sudan, ya san riɗi ya nemi lauje ke nan. Shi ba dawa ba ne da za ta tsaya wata guda tana jiranka. Ana yanka shi da sauran ɗanyensa, a ɗaure, a jingina dami-dami ya bushe a tsaye, sannan a kaɗe a kan shimfiɗa. In ka bar shi ya bushe a kan kara, kwanso ya buɗe baki, iska kaɗan ta isa ta juye maka wahalar shekara cikin tsagar baƙar ƙasa. Kwana uku ne, huɗu in mutum yana da sa'a.

Tiya ya jefar da kwanson, ya goge hannu a wando, ya koma kambo, sansanin ma'aikata. Bai faɗa wa kowa ba.

Shi Tiya ɗan Nuba ne, Kirista. Shekara talatin yana aiki a hannun Alhaji Sharu, Bahaushe mai gona, har Hausa ta zauna a bakinsa fiye da yaren uwarsa. Shi ne wakilin gonar, faddan dubu, wato kamar eka dubu, shi ke raba aiki, shi ke riƙe mabuɗin gas. Mutum ne mai riƙon doka. Ya bar marisa shekara ashirin, ko warin giyar ba ya so. Bai taɓa ɗibar gas na tarakta ya sayar ba, abin da wakilai da yawa suka mayar sana'a. Abin da aka ce kada a yi, ba ya yi, kuma yana jin daɗin kansa a kan haka.

Ilyas Kalo kuwa direba ne na Khartum. Coci ɗaya suka tashi da Tiya a unguwar Haj Yusif, kuma shi ya yi wa Tiya abokin ango ranar da ya auri Bakhita.

Da yaƙi ya ɓarke a Khartum, Tiya yana Gadarif wajen gyaran tarakta, hanya ta rufe. Bakhita tana gida ita kaɗai, ga ciwon sukari, ga ƙafa a kumbure. Ya buga wa Ilyas, don shi ke da mota. Ilyas ya ce, "Ka kwantar da hankalinka, ya akhi, ɗan'uwana. Jumma'a da safe zan ɗauke ta tare da iyalina." To, ranar Alhamis harbi ya matso unguwa, Ilyas ya loda matarsa da 'ya'yansa shida, ya ɗaure firji da keken ɗinki a saman mota, ya tafi. Layi biyu ne tsakanin gidansa da na Bakhita. Bai tsaya ba.

Bakhita ta wuni Jumma'a a bakin ƙofa da ƙunshin kayanta. Asabar ta bi maƙwabta a ƙafa. A kwana na uku, kafin su kai garin Kamlin, ta zauna a gefen titi ba ta ƙara tashi ba. Maƙwabta suka haƙa rami da murfin tukunya suka binne ta. Tiya ya tambayi mutum huɗu inda kabarin yake, kowa da wurin da ya nuna.

Daga baya masu bindiga suka ƙwace motar Ilyas a Madani, da firjin da komai. Ya faɗo Gadarif da iyali, aka ba su gefen aji a wata makaranta, ya samu raksha ta wani, babur mai ƙafa uku, yana ja. Sai ga su a coci ɗaya kuma, wani ɗan gini na kwano a bayan gari.

Wata goma sha ɗaya Tiya bai ci jibin Ubangiji a coci ba. In an zo gaisuwar salama, kowa yana miƙa wa na kusa da shi hannu kafin a raba gurasa, sai ya fita waje ya tsaya a jikin bango. Abuna Suleiman, limamin cocin, tsoho ne mai haƙuri amma ba ya sakin magana. Ran wata Lahadi ya sa Ilyas ya tashi a gaban jama'a. Ilyas ya faɗi komai, har firjin. Ya yi kuka har majina.

Abuna ya ce, "Butrus, ɗan'uwanka ya roƙa. Ka san abin da aka umarce mu."

Tiya ya sani. Doka ce, ba shawara ba. Ya tashi ya ce, "Na yafe." Mata suka yi guɗa. Ya karɓi hannun Ilyas, ya ji shi da gumi kamar ɗanyen kifi, ya je ya ci gurasa.

Bayan an watse Abuna ya ja shi gefe. "Na ga idonka. Ka yi mini alkawari biyu a gaban Ubangiji. Ba za ka ɗaga masa hannu ba. Ba za ka cuce shi da ƙarya ba."

"Na yi, Abuna."

Da damina ta zo, Alhaji Sharu ya ba Ilyas faddan goma a bayan kwari, kyauta, kamar yadda ya ba wasu 'yan gudun hijira. Shi ya yi masa huɗa, shi ya ba shi iri. Ilyas ya ɗora komai a kan wannan gona: abincin shekara, da ɗakin da zai fitar da 'ya'yansa daga aji. Amma zama a Simsim ba nasa ba ne, raksha na jiransa a gari. Ranar da aka gama noma na biyu ya samu Tiya yana duba tayar tirela.

"Ni ban san kan riɗi ba, ya akhi, ni ɗan sitiyari ne. In ya isa yanka ka buga mini, in zo da yara manya."

Tiya ya ci gaba da danna taya da ƙafa. Bai ce to ba. Bai ce a'a ba. Ilyas ya ɗauka an gama magana, ya dafa kafaɗarsa ya tafi.

Wannan shirun Tiya ya riƙe kamar takardar fili. Bai yi alkawari ba. Kowa ya je ya tambayi Allah, bai yi ba.

Laraba da safe ya hau tankin ruwa. A kambo waya ba ta kamawa sai can sama. Ya zauna a kan ƙarfen, ya nemo sunan Ilyas, ya dube shi. Daga nan ana hango gonar, rawaya, tana kaɗawa. Ya tura yatsa ƙasa, ya buga wa mai kawo gas, suka yi maganar ganga shida, ya sauko.

Alhaji ba ya nan, ya tafi Mafaza ta'aziyyar surukinsa. Gona tana hannun Tiya, da masu yanka arba'in, yawancinsu daga Habasha. Alhamis za su koma yankin gabas na gonar, kuma hanya mafi kusa ta bakin kwari take, ta gefen gonar Ilyas. In mutum arba'in masu lauje suka wuce riɗi ya nuna, sai ɗaya ya yi magana. Tiya ya ce wa direban tarakta ya zagaya ta tsohuwar hanya.

"Ya wakil, ai ta nan ya fi kusa."

"Na ce ka zagaya."

Babu dokar da ta ce a bi ta kwari. Ya duba cikin kansa, daga ta farko har ta goma cikin Dokoki Goma, babu.

Sai dai addu'a ta fara yi masa gardama. Kullum da safe yakan durƙusa a jikin angareb, gadonsa na igiya, ya yi addu'ar da ya koya tun yana yaro. Yanzu in ya zo wurin da mutum ke roƙon a yafe masa gwargwadon yadda shi ma ya yafe, sai ya bi ta kai da gudu kamar mai tsallake kwata. Ya lura da hakan. Ya ji haushin kansa, ya koma baya ya faɗi wurin a hankali, kalma-kalma, don kada a ce ya tsallake. Bakinsa ya faɗa. Cikinsa kuwa wani mutum ne zaune, ya miƙe ƙafafu, yana lissafin kwana.

Ya ce kwana uku kawai. Kwana uku Bakhita ta yi tana jan ƙafa, kwana uku zai yi shiru. Jumma'a zai buga, Ilyas ya zo da gudu ya tsira da rabi, ya ɗanɗana yadda jira yake.

Jumma'a da rana tsaka ya je gonar. Ya kashe babur ya saurara. Ƙas. Ƙas-ƙas. Kwanson ƙasa sun fara fashewa a zafin rana. Iska ta taso, ya ji ƙwaya na zuba shhh kamar yayyafi a kan bunu. Tururuwa sun yi layi suna ɗiba. Kurciyoyi sun sauka, sun ƙoshi har tashi na yi musu wuya.

Gaskiya a faɗe ta: daɗi ya ji. Ba ɗan daɗi ba. Tun ranar da aka gaya masa labarin Kamlin abinci bai yi masa ɗanɗano ba, amma ran nan ya koma kambo ya cinye kisra, wainar dawa, kwano guda da miyar kuɓewa, ya nemi ƙari. Ya ce bari a ƙara kwana ɗaya.

Asabar bai hau tanki ba. Ya san Ilyas zai iya nemansa, kuma in ya tambaya, "Ya riɗi?" dole ɗaya cikin biyu: gaskiya ko ƙarya. Ƙarya ya yi alkawari ba zai yi ba. Saboda haka ya kashe wayar ya tura ta cikin buhun albasa. Mutumin da ba a tambaye shi ba bai yi ƙarya ba.

Lahadi ba a aiki sai bayan azahar. Kiristocin da ke cikin ma'aikata sukan taru a ƙarƙashin aduwa, Tiya ne ke jan addu'a don shi ne babba. Suka zauna suna jira. Ya tsaya a gabansu, ya buɗe baki, babu abin da ya fito. Ya sake gwadawa. Harshe ya yi masa nauyi kamar an ɗaura dutse. Wani tsoho daga cikin Habashawan ya ɗaga kai yana dubansa.

"Ku yi ba ni," in ji Tiya. "Kaina ke ciwo."

Ita ce ƙarya ta farko da ya yi a makon, kuma ba Ilyas ya yi wa ba, har wannan sai da ya lissafa. Da ya kama kansa yana wannan lissafi sai tsoro ya shige shi. Ya ɗauki lauje ya nufi kwari a ƙafa, yana sauri, yana cewa, Ubangiji, zan yanka masa da hannuna, ni kaɗai, ko zan mutu a ciki.

Gonar ta koma ruwan ƙasa. Ya kama kara guda biyar da hagu, ya ja lauje da dama. Kafin ya ɗaga su, ƙwaya ta zubo masa a kan ƙafafu, fara tas, ta gangara cikin tsaga. Ya girgiza abin da ke hannunsa, wayam. Ya matsa gaba, ƙugunsa ya taɓa wasu, su ma suka zube. Duk inda ya motsa ɓarna yake ƙarawa. Ya tsaya cik a tsakiyar gona da lauje a hannu, hawaye na bin gemunsa, kuma can ƙasa mutumin nan na ciki yana murmushi.

A haka Alhaji Sharu ya same shi. Ya dawo daga Mafaza ta hanyar kwari a bokis ɗinsa, a-kori-kura, ya taka burki har ƙura ta rufe motar. Tsoho ne gajere mai faɗa, ya sauko yana tattare jallabiya.

"Inna lillahi! Kai Tiya! Makanta ta kama ka ne bayan tafiyata? Wannan ai tun Talata ya kamata a yanke shi!"

"Tun Talata, Alhaji."

Alhaji ya dube shi. Ya san labarin Bakhita, shi ya zauna makoki da shi kwana uku a Gadarif.

"Ka gani ke nan."

"Na gani."

"Ka yi shiru."

"Wace doka na karya? Ban taɓa shi ba. Ban yi masa ƙarya ba. Ban ce zan buga ba. A kai ni gaban alƙali, a kai ni gaban Abuna, a nuna mini."

"Ni ban san dokokinku ba, Malam Butrus, ban yi karatunku ba. Amma iri nawa ne, ƙasa tawa ce, abincin kuma na Allah ne ka ba tururuwa. Shekara talatin ina cewa wakilina ya fi Musulmi goma amana. Ashe jira kake a ba ka wanda ka tsana."

"Da matarka ce fa?"

"Da matata ce da na fasa masa baki tun ranar farko, a gaban mutane, a raba mu, in biya tara. Ba zan ce na yafe in koma in laɓe a bayan riɗi ba. Fita daga gonar nan a hankali, kana ƙara zubar masa."

Alhaji ya hau saman bokis ya ɗaga waya sama har ta kama, ya buga wa Ilyas da kansa. Da ya sauko ya ce, "Dabara ɗaya ta rage. Da sassafe raɓa na riƙe bakin kwanso. A shimfiɗa buhu, a yanka a hankali a kife kai a ciki. In Allah ya so a samu kashi ɗaya cikin huɗu. Ka kawo mini mutum goma masu sanyin hannu. Kai ma ka zo. Kada ka ce kanka ke ciwo."

Litinin gari na wayewa suna bakin gona. Ilyas ya iso a bayan motar gawayi, fuska duk baƙi, da silifa a ƙafa. Ya tsaya yana kallo. Ya tsuguna ya zura yatsu cikin tsaga, ya fito da ƙasa da 'yan ƙwayoyi, ya hura, ƙasar ta tashi tare da su. Sai ya miƙe ya zo wurin Tiya.

"Ma'alesh, ya akhi, ka yi haƙuri. Na san aiki ya yi maka yawa, Alhaji ba ya nan. Na yi ta neman wayarka ba ta shiga. Laifina ne, da na zo da kaina."

Da zagi ya yi da Tiya ya jure. Wannan ma'alesh ɗin ne ya tayar masa da komai.

"Wayar tana cikin buhun albasa. Ni na kashe ta. Tun Talata na sani. Laraba na hau tanki na kalli sunanka na sauko. Jumma'a na zo nan na zauna ina jin yana fashewa, na koma na ci kwano biyu."

Ma'aikatan suka sunkuyar da kai, suna gyara buhunan da ba su buƙatar gyara.

"Ka ce ka yafe. A gaban bagade ka faɗa. Ka ci gurasa."

"Na faɗa."

"Yara shida, Butrus! Ni na yi maka laifi, ni. Me 'yata Aya ta yi maka? Kai ka riƙe ta ranar baftisma, fitsari ta yi maka a riga kana dariya. A aji take kwana, a ƙarƙashin allo!"

Tiya ya so ya ce bai tuna da ita ba. Ƙarya ce.

"Na tuna da ita. Ranar Alhamis. Na ci gaba."

Ilyas ya goge fuska da hannun riga, gawayi ya ƙara shafewa. Muryarsa ta sauka. "To shi ke nan. Ka ci nawa. Yanzu ka huce? Mun yi daidai?"

Tiya ya tsaya ya duba cikinsa da gaske, kamar yadda yake leƙa ganga ya ga ko da sauran gas. Yana fata ya tarar da wayam. Ya tarar da ƙiyayyar cike har baki, kamar ranar farko.

"A'a," in ji shi. "Ko faddan dubu ne."

"Kai, ku biyun nan!" Alhaji ya daka tsawa. "Rana za ta fito raɓa ta bushe kuna wa'azi. Kowa ya kama layi!"

Suka shiga. Kowa da buhu a gabansa, a kama kara a hankali, a ja lauje, a kife. Ƙwaya tana faɗawa cikin buhu kaɗan-kaɗan, ba kamar yadda ya kamata ba, amma tana faɗawa. Layin Ilyas ya faɗo kusa da na Tiya. Bai iya riƙe lauje ba, yana sara kamar mai faskare, yana zubar da rabin abin da ya kama. Ya sha gaban Tiya da taki ɗaya, ya duƙa, wuyan rigarsa ya zame, ƙeyarsa ta fito fili, da jijiya biyu da gumi a tsakani.

Tiya ya ga hannunsa na dama ya daina yanka. Lauje ya wasa shi da kansa jiya da yamma. Ya ji yatsunsa suna ƙara matse ƙota, ba shi ya sa su ba. Alkawarin da ya yi wa Abuna yana nan a kansa, kalma-kalma, amma bai ji ya riƙe masa hannu ba ko kaɗan.

Ya ce a ransa, Yesu, ni ba zan iya ba. Ka ga dai ba zan iya ba.

Sannan ya ɗaga murya. "Alhaji."

"Mene ne kuma?"

"Zo ka shiga tsakaninmu."

Alhaji Sharu ya ɗago. Ya dubi fuskar Tiya, ya dubi laujen, ya dubi ƙeyar Ilyas da bai san abin da ake ciki ba. Ya ja buhunsa a hankali don kada ya taɓa kara, ya ratso layi uku, ya tsaya a tsakiyarsu, kafaɗarsa na gogar ta Tiya.

"Yanka," in ji shi.

Tiya ya kama kara biyar da hagu, ya ja lauje, ya kife su cikin buhu.